Jim Corbett: Maharbin da Ya Koma Mai Ɗaukar Hoto

Duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin yana kallon fim ɗin namun daji ya san daɗin abin, amma ba kowa ke tambayar su wa suka share wannan hanya ba. To, cikin waɗanda suka fara a ƙasar Indiya akwai Jim Corbett. Abin mamaki, da bindiga ya fara yin suna, kyamara daga baya ta zo.

An haife shi ranar 25 ga Yuli, 1875, a garin Nainital da ke yankin Kumaon, gindin tsaunukan Himalaya. Iyayensa jinin Turawa ne, mahaifinsa shi ne shugaban gidan waya na garin, ya kuma rasu Jim yana ƙaramin yaro. A daji ya tashi. Tun yana yaro ya iya bin sawu, ya iya kwaikwayon kukan dabbobi, har yakan gane inda damisa take daga ihun birai da tsuntsaye. Da ya zama saurayi sai ya kama aikin jirgin ƙasa, ya shafe sama da shekara 20 a Mokameh Ghat yana kula da ƙetarar da kaya a kogin Ganges.

A 1907 ne sunansa ya fito. Wata damisa mai ratsi, irin wadda ake kira taiga, ta addabi Nepal da Kumaon, an lissafa ta ci mutum 436. Ku duba fa, dabba ɗaya! Mata sun daina zuwa itace, gonaki sun zama kufai. Corbett ya yarda zai bi ta, amma da sharaɗin a janye ladan da gwamnati ta sa, don ba kuɗi ya kawo shi ba. Ya harbe ta a kusa da Champawat. Da ya buɗe bakinta sai ya ga fiƙoƙinta biyu na dama a karye, tsohon raunin harbi ne. Ashe wani maharbi ne ya nakasa ta, ta kasa kama namun daji, ta koma kan mutane.

Wannan darasi ya yi ta maimaituwa. Wata dabbar ƙayar beguwa ce ta ruɓar mata da ƙafa, wata tsufa ne ya ci ta. Ita kuwa damisar Rudraprayag, mai ɗige-ɗige, wadda ta kashe mutum 125 a hanyar masu ziyarar ibada, a ganin Corbett ta saba da naman mutum ne lokacin annobar mura ta 1918, sa'ad da gawawwaki suka yi yawa har ana jefar da su a daji. Sai a 1926 ya samu sa'arta. Daga nan ya tsaya a kan cewa damisa ba ta cin mutum haka kawai, akwai abin da ya tilasta mata, kuma sau da yawa da hannun ɗan Adam a ciki.

Gaskiya dai ba za a wanke shi tas ba. Ya yi farautar nishaɗi, ya kuma shirya wa manyan Turawan mulkin mallaka farauta. Amma da idonsa ya ga daji na ƙarewa, dabbobi na raguwa, abin ya tsaya masa a rai. Abokinsa F. W. Champion, jami'in gandun daji mai ɗana kyamara a hanyar dabbobi su ɗauki kansu hoto, shi ya zaburar da shi. A ƙarshen shekarun 1920 ya shiga harkar hoto, daga baya ya samu kyamarar fim mai milimita 16.

Nan fa aka sha wahala. Ya yi shekaru yana bin taiga bai samu abin kirki ba. Sai ya yi dabara: ya share wani wuri a bakin rafi kusa da gidansa na Kaladhungi, ya datse ruwan yadda zai riƙa zubowa da ƙara, ƙarar ruwan ta rufe ta kyamara. Wata huɗu da rabi yana fakon wurin, har ya ɗauki manyan taiga shida da rana tsaka, daga kusa. Babu jirgi maras matuƙi, babu gilashin hangen nesa irin na yau, haƙuri ne kawai da sanin daji.

Da goyon bayansa aka buɗe gandun dajin Hailey a 1936, na farko irinsa a Indiya. A 1944 ya fitar da littafinsa Man-Eaters of Kumaon, wanda ya karaɗe duniya. A 1947 ya koma Nyeri a Kenya tare da 'yar'uwarsa Maggie, don bai taɓa aure ba. Yana masaukin Treetops a daren Fabrairun 1952 da Gimbiya Elizabeth ta kwana a can, daren da mahaifinta Sarkin Ingila ya rasu. Shi ma ya rasu ranar 19 ga Afrilu, 1955, aka binne shi a Nyeri.

Bayan rasuwarsa Indiya ta sa wa gandun Hailey sunansa, kuma a nan aka ƙaddamar da shirin ceto taiga na ƙasa a 1973. 'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu karanta aikin jarida da na gandun daji, ga abin koyi. Mutumin nan ya san abin da yake ɗauka ciki da waje kafin ya danna kyamara, ya kuma yarda ya sauya hanya da ya ga ɓarna.