Stephen Timoshenko: Shehun Malamin Da Ya Haɗa Lissafi Da Aikin Injiniya

Da wuya ɗalibi ya kammala karatun aikin injiniya a jami'a bai ci karo da sunan Marigayi Stephen Timoshenko ba. Shi ne wanda Amurkawa suke ɗauka uban ilmin juriyar kayan gini a ƙasarsu, watau ilmin da yake nuna wa injiniya ta hanyar lissafi nauyin da gada ko ginshiƙi zai iya ɗauka tun ba a gina shi ba. Kafin ya kai ga wannan matsayi sai da aka kore shi daga aiki, ya yi gudun hijira, ya kuma sake kafa rayuwa a baƙuwar ƙasa yana da shekara 43.

An haife shi a watan Disamba na shekarar 1878 a ƙauyen Shpotovka, cikin ƙasar Yukiren, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Rasha. Mahaifinsa ma'aikacin safiyo ne. Bayan ya gama sakandare a garin Romny, sai ya shiga Makarantar Injiniyoyin Hanyoyin Sufuri ta birnin Petersburg a 1896, ya fita a 1901. A 1905 ya tafi Jami'ar Göttingen ta ƙasar Jamus, inda ya yi aiki ƙarƙashin Ludwig Prandtl. A can ya ga yadda masana lissafi da injiniyoyi suke zama tare suna warware matsala guda, abin da ya riƙe har ƙarshen ransa.

A 1906 aka ba shi kujerar koyar da juriyar kayan gini a Kwalejin Fasaha ta birnin Kiyef. Babban abin da ya sa a gaba shi ne sanin dalilin da siririn ginshiƙi ko fallen ƙarfe kan lanƙwashe farat ɗaya idan nauyin da ke kansa ya kai wani mizani. Irin wannan matsala ba kasafai lissafi yake ba da cikakkiyar amsarta ba. Saboda haka ya yi amfani da hanyar Lord Rayleigh da Walther Ritz: a zaci siffar da ƙarfen zai lanƙwasa, sa'an nan a yi ta gyara zaton da lissafi har amsa ta matso kusa da gaskiya.

A 1909 aka zaɓe shi shugaban sashensa, amma muƙamin bai daɗe a hannunsa ba. Gwamnatin Sarkin Rasha tana tsoma baki cikin harkokin manyan makarantu, har ta ƙayyade yawan ɗalibai Yahudawa da za a ɗauka. Timoshenko ya sa hannu a takardar nuna rashin amincewa da manufofin Ministan Ilmi, Kasso, aka kuwa sallame shi a 1911. Cikin shekarar nan ce aka ba shi Lambar Zhuravsky saboda bincikensa. Ya koma Petersburg yana koyarwa ta wucin gadi, sai a 1913 aka sake ba shi kujerar farfesa.

A wannan tsakani ne, tare da taimakon masanin kimiyya Paul Ehrenfest, ya gyara tsohon lissafin da ake yi wa azarar ƙarfe tun zamanin Euler da Bernoulli. Tsohon lissafin yana daidai ga doguwar azara siririya. Amma gajeriya mai kauri, idan ta lanƙwasa, sassan cikinta sukan ɗan zame wa juna, kamar yadda takardun littafi mai kauri suke zamewa in an lanƙwasa shi. Timoshenko ya shigar da wannan zamewa cikin lissafi, aka buga bayanin da Turanci a 1921, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan ƙa'ida.

Juyin juya halin 1917 ya mayar da shi Kiyef, inda a 1918 ya kasance cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Kimiyya ta Yukiren tare da Vladimir Vernadsky. Yaƙin basasa ya tilasta masa ficewa, ya isa birnin Zagreb na ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani a 1920, ya koyar shekara biyu. A 1922 ya haye zuwa Amurka, daga 1923 zuwa 1927 kuma ya yi aiki a kamfanin Westinghouse, yana binciken jijjigar manyan injuna da dalilin karyewar sassansu. Abin da ya tarar a can ya dame shi: injiniyoyin suna da ƙwarewar hannu, amma lissafinsu bai yi zurfi ba. Sai ya shiga koya wa matasan ma'aikatan kamfanin.

A 1927 Jami'ar Mishigan ta ɗauke shi, ya kafa tsarin karatun wannan fanni har zuwa digirin dokta, yana kuma tara malaman wasu jami'o'i lokacin hutu domin ƙarin sani. A 1936 ya koma Jami'ar Stanford ta Kalifoniya. Ya yi ritaya a 1944, amma bai daina koyarwa da rubutu ba. Littattafansa kan jijjiga, juriyar kayan gini, lanƙwashewar ginshiƙai da fallayen ƙarfe an fassara su cikin harsuna da dama, ana kuma karanta su har gobe. Ɗalibansa sun bazu cikin jami'o'i da masana'antun Amurka. A 1957 Ƙungiyar Injiniyoyin Injuna ta Amurka ta ƙirƙiro lambar girma da sunansa, shi ne kuma farkon wanda ya karɓa.

Timoshenko da alƙalami da takarda ya yi aikinsa. Sai a 1956 wasu injiniyoyi huɗu, cikinsu har da Ray Clough, suka buga hanyar rarraba fiffiken jirgin sama zuwa ƙananan gutsattsari, a lissafa kowane, kwamfuta ta harhaɗa amsa. Daga bisani aka gane cewa wannan hanya ta Ritz ce aka faɗaɗa, watau wadda Timoshenko ya yaɗa tsakanin injiniyoyi tun yana Kiyef. A yau da ita ake gwada gadoji, madatsun ruwa, bututun mai, jikin mota, har da gaɓoɓin ƙarfe da likitoci suke sa wa marasa lafiya, lissafinsa na azara kuwa yana cikin manhajojin da ake wannan aiki da su. Mai neman shiga bincike a fannin yana bukatar lissafi mai zurfi da gwajin ɗakin bincike, abubuwa biyun da Marigayin ya nace a kansu, sa'an nan ya ƙara da iya tsara wa kwamfuta aiki.

A ƙarshen rayuwarsa ya koma wurin 'yarsa a birnin Wuppertal na Jamus ta Yamma, inda ya rasu ran 29 ga watan Mayu, 1972, yana da shekara 93. Cibiyar binciken da ya fara shugabanta a Kiyef tana nan, kuma sunansa take ɗauke da shi.