Labarin John Hawkins, Mai Jiragen Ruwa

Ya kai mai karatu, kai da kakanninka suka sha gudun harin Ningawa a ƙasar Dutse, ka san abin da ake ce da shi bauta. To, saurara.

An haifi John Hawkins a Plymouth, ƙasar Ingila, a shekara ta 1532. A zamanin nan Sipaniya ta cika da dukiyar Amurka, mutanen Ingila kuwa suna ƙyashi. Ya ji labari ana neman bayi a gonakin can. A 1562 ya tashi da jirage uku zuwa gaɓar Saliyo, ya kwashe mutane wajen 300, ya sayar da su a tsibirin Hispaniola. Riba ta yi yawa, har Sarauniya Elizabeth ta ba shi aron jirginta, mai ɗauke da sunan Yesu. Dubi abin kunya! Ya umarci matuƙansa su yi sujada kowace rana, ga bayin Allah kuwa a ɗaure ƙarƙashin ƙafafunsu.

Ya mutu a teku a 1595. Amma cinikin da ya nuna wa mutanen ƙasarsa, Ingila ba ta hana shi ba sai 1807.