Fada Damiyan: limamin da ya zauna da kutare har ya zama ɗayansu

A ranar 10 ga watan Mayu na shekarar 1873, wani jirgin ruwa ya sauke wani limamin Katolika mai shekaru 33 a gaɓar tsibirin Molokai da ke Hawai, can tsakiyar tekun Pasifik. Wurin da ya sauka, wato Kalaupapa, wani ɗan tsukin ƙasa ne da teku ya kewaye ta ɓangare uku, duwatsu masu tsawo suka tare na huɗun. A nan ne gwamnati take jibge masu cutar kuturta, kuma wanda aka kai ba ya komowa.

Sunan limamin na yanka Jozef De Veuster. An haife shi ranar 3 ga Janairun 1840 a ƙauyen Tremelo na ƙasar Beljiyam, a gidan manoma. Ya ɗauki sunan Damiyan ne da ya shiga ƙungiyar limamai. Yayansa aka zaɓa ya tafi Hawai aikin mishan, sai rashin lafiya ta kwantar da shi, ƙanen ya nemi a tura shi a madadinsa. Ya isa birnin Honolulu a 1864, a can aka naɗa shi limami.

A lokacin Hawai masarauta ce mai cin gashin kanta. Da kuturta ta yaɗu, sarki Kamehameha na Biyar ya sa hannu a dokar keɓe masu cutar a 1865, aka fara kwasar su a shekarar da ta biyo baya. An raba miji da mata, an ƙwace yara daga hannun iyaye. Daga 1866 zuwa 1969 da aka soke dokar, kimanin mutum 8,000 aka kai wurin.

Tun farko shirin bishop shi ne limamai huɗu su riƙa karɓa-karɓa, don kada ɗaya ya daɗe har ya kamu. Damiyan ne ya fara zuwa, da ya ga halin da ɗaruruwan mazauna wurin suke ciki sai ya nemi a bar shi ya zauna dindindin. Ba shi da magani a hannu, domin a shekarar ce ma wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar. Abin da yake da shi ƙarfin ɗan manomi ne da iya aikin kafinta. Ya gina gidaje tare da majinyatan, ya taimaka aka jawo ruwa da bututu, ya kafa gidan marayu, ya wanke gyambuna ya ɗaure. Idan an yi rasuwa, shi ke ƙera akwatin gawa, sau da yawa kuma shi ke haƙa kabari.

Abin da ya fi ratsa mutanen shi ne bai ƙyamace su ba. Yakan sa hannu cikin ƙwarya ɗaya da su, ya shiga ɗakunansu, ya yi magana da harshensu. Ba duka mazaunan ne ƴan Katolika ba: akwai Furotestan da ƴan ɗarikar Mormon, kuma gaba tsakanin waɗannan ɗariku tana da zafi a wancan zamani. Duk da haka ya ƙulla abota da Jonathan Napela, wani jagoran Mormon ɗan asalin Hawai, wanda shi ma lafiyarsa lau ya bi matarsa mai cutar zuwa Kalaupapa. Daga birnin Landan kuma wani limamin cocin Anglikan, Hugh Chapman, ya riƙa tara kuɗi yana aika masa.

Wajen ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi, fata ta saɓule, amma bai ji komai ba. Daga nan ya san cutar ta kama shi. Bai bar aiki ba. Masu taimako sun zo daga baya, ciki har da Joseph Dutton a 1886 da Uwa Marianne Cope a 1888, wadda ta ci gaba da kula da majinyatan bayansa. Ya rasu ranar 15 ga Afrilun 1889 yana da shekaru 49.

Damiyan mutum ne mai taurin kai da saurin fushi, kuma ya sha saɓani da manyansa da jami'an lafiya. Bayan rasuwarsa wani fasto a Honolulu, Charles Hyde, ya rubuta wasiƙa yana kushe halayensa. Marubucin nan ɗan Sikotilan, Robert Louis Stevenson, wanda shi kansa ba Katolika ba ne kuma ya ziyarci Molokai, ya mayar da martani a 1890 yana kare shi. A 1936 aka mayar da gawarsa Beljiyam, a 2009 kuma Paparoma Benedict na 16 ya sanya shi cikin waliyyan cocin Katolika.

Yau kuturta tana warkewa. Ana shan haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da su kyauta. Wanda ya fara sha ba ya ƙara yaɗa cutar, wanda kuma aka gano da wuri ba ya rasa yatsu. A Nijar, cibiyar Danja da ke kusa da Maraɗi, wadda mishan ta SIM ta kafa, ta daɗe tana karɓar masu cutar ba tare da duba addininsu ba. Sai dai har yanzu tsoron a kira mutum kuturu kan sa wasu su ɓoye tabon da ba ya jin taɓi har jijiya ta lalace. Ƙyamar da Damiyan ya ƙi yi shekaru fiye da 130 da suka wuce, ita ce ke hana wasu zuwa asibiti da wuri.