Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Bi Diddigin Haske

An haifi Abu Ali Hasan Ibnul Haisam a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. Masu tarihi sun ruwaito cewa shahararsa a fannin lissafi ce ta kai shi Masar, inda Halifa Alhakim ya ɗora masa aikin shawo kan ambaliyar Kogin Nilu. Da ya isa wajen Aswan ya ga ruwan da idonsa, sai ya tabbata aikin ya gagara. Halifan kuwa ba ya jinkirin zubar da jini, saboda haka malamin ya tsiri haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har Alhakim ya ɓace a 1021.

A wannan tsakanin ne ake jin ya wallafa Kitabul Manazir, juzu'i bakwai. A ciki ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da shi ba. Ya kuma gwada yadda haske ke karkacewa idan ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi, ya lura cewa gilashi mai tudu kan ƙara wa abu girma.

Amma inda ya fi nuna ƙwarewa shi ne wata 'yar maƙala kan ƙwallon gilashi mai ƙuna. Idan hasken rana ya faɗa wa ƙwallon, yakan karkace sau biyu, wajen shiga da wajen fita, sannan ya taru a bayansa har ya ƙona abu. Ibnul Haisam ya nuna da lissafi cewa tazarar wurin ƙunar daga jikin ƙwallon ba ta kai rubu'in faɗinsa ba. Ya kuma gano cewa hasken ba ya haɗuwa a ɗigo guda: wanda ya bi ta gefe yakan taru kusa da gilashin fiye da wanda ya bi ta tsakiya. Wannan aibi ya daɗe yana wahalar da maƙeran madubin hangen nesa.

Bai ƙera tabarau ba, ko da yake wasu kan jingina masa hakan. A Italiya aka fara yin sa wajen 1286. Sai dai an fassara littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572.

Ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira kusa da Masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu don samun abin masarufi, har ya rasu wajen 1040.