Muhammad Ibnu Is'haƙ, Limamin Malaman Sira da Yaƙoƙin Annabi

Tambaya:

Ni mai son karatun tarihi ne, musamman rayuwar magabata da labaran yaƙoƙin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kusan duk littafin da na buɗe sai in tarar ana jingina labari ga Ibnu Is'haƙ. To, sai wani ɗalibi ya gaya mini cewa Imamu Malik ya soki wannan mutum suka mai tsanani. Tun daga ranar zuciyata ba ta natsu da abin da nake karantawa ba. Wane ne Ibnu Is'haƙ, kuma shin ana dogara da abin da ya ruwaito?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Shi ne Muhammad ɗan Is'haƙ ɗan Yasar, Allah Ya yi masa rahama. An haife shi a Madina tsakanin shekara ta 80 da ta 85 bayan Hijira. Kakansa Yasar yana cikin waɗanda aka kama a Ainut Tamri ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 12, lokacin da Khalid ɗan Walid, Allah Ya yarda da shi, ya ci garin a halifancin Abubakar Siddiƙ. Aka kawo shi Madina, ya zama a hannun Ƙaisu ɗan Makhrama ɗan Muɗɗalib, daga baya aka 'yanta shi. Shi ya sa ake danganta jikansa ga gidan Muɗɗalib ta hanyar 'yantarwa, ba ta hanyar jini ba. A cikin waɗanda aka kamo a wannan gari har da Sirin, mahaifin babban tabi'in nan Muhammad ɗan Sirin. Wato yaƙi ɗaya ya shigo wa Musulunci da gidajen ilmi guda biyu, kuma mutumin da ya fi kowa shahara wajen rubuta yaƙoƙin Musulunci shi kansa jikan ganimar yaƙi ne.

Ya tashi a gidan ruwaya, domin mahaifinsa Is'haƙ da baffanninsa Musa da Abdurrahman duk sun ruwaito hadisi. Yana yaro ya ga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, ya kuma ga Sa'idu ɗan Musayyib. Madinar da ya girma a cikinta cike take da 'ya'ya da jikokin mutanen da suka tsaya a Badar da Uhudu. Kowane gida na Ausu da Khazraju yana riƙe da labarin wanda ya fita daga cikinsa, da wanda ya dawo, da wanda aka binne a gindin dutse. Abin da ya bambanta Ibnu Is'haƙ da sa'o'insa shi ne ya mayar da bin waɗannan gidaje aikinsa. Ya karɓi labaran Ansar daga Asim ɗan Umar ɗan Ƙatada, jikan sahabin da aka ji wa rauni a ido ranar Uhudu, da kuma Abdullahi ɗan Abubakar ɗan Muhammad ɗan Amru ɗan Hazm. Babban malaminsa kuwa shi ne Ibnu Shihab Zuhri, wanda ya rasu a shekara ta 124, kuma ya yaba wa almajirin nasa a kan sanin yaƙoƙi tun yana raye. Wajen shekara ta 115 ya tafi Iskandariyya ta ƙasar Misra, ya saurara daga malamanta, musamman Yazidu ɗan Abu Habib, sannan ya komo gida.

Ba shi ne ya fara tattara wannan ilmi ba. Urwa ɗan Zubair ya riga shi, haka Zuhri, kuma Musa ɗan Uƙba, wanda ya rasu a shekara ta 141, yana da littafin yaƙoƙi da Imamu Malik yake umartar mutane da su koma gare shi. Sai dai Ibnu Is'haƙ ya yi abin da ya fi faɗi. Ya jera labarin daga farkon halitta da annabawan da suka gabata, ya biyo ta tarihin Larabawa da Yaman da mutanen giwa, sannan haihuwa da aike da zaman Makka, sannan Hijira da yaƙoƙi har zuwa wafati. Ya saka kowane abu a shekararsa, ya haɗa shi da ayoyin da suka sauka game da shi, ya kawo waƙoƙin da ɓangarori biyu suka yi wa juna. Duk wanda ya taɓa karanta sira a jere, wannan abu na bin wancan, to a kan hanyar da ya share yake tafiya.

Mai son labarin yaƙi zai ga ƙoƙarinsa a wurin da mafi yawan masu karatu suke tsallakewa, wato jerin sunaye. Ya lissafa mutanen Badar ɗaya bayan ɗaya, kowa a ƙarƙashin ƙabilarsa da gidansa, suka kai 314 a ƙidayarsa: Muhajirai 83, Ausu 61, Khazraju 170. Ya ambaci shahidai 14 na wannan rana da sunayensu. A Uhudu ya ƙirga shahidai 65, daga baya Ibnu Hisham ya ƙara biyar suka cika 70. Ya ce yaƙoƙin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita da kansa 27 ne, an gwabza a tara daga cikinsu, rundunonin da ya aika ba tare da ya fita ba kuwa 38. Ta hanyarsa ne kuma cikakken nassin takardar yarjejeniyar Madina tsakanin Muhajirai da Ansar da Yahudawa ya shahara. Irin wannan aiki ba mai neman burge majalisa da tatsuniya yake yin sa ba.

Amma zaman Madina bai yi masa daɗi ba har ƙarshe, kuma a nan ne abin da aka gaya maka ya samo asali.

Na farko da ya yi masa inkari shi ne Hisham ɗan Urwa. Ibnu Is'haƙ ya ruwaito hadisi daga matarsa, Faɗima 'yar Munzir ɗan Zubair, sai Hisham ya ce wannan ba zai yiwu ba, domin babu namijin da yake ganin matarsa. Malamai sun amsa wannan tun da wuri. Imamu Ahmad ya nuna cewa mai yiwuwa ne ya nemi izini ta ba shi ba tare da sanin mijin ba, Zahabi kuma ya bayyana cewa zai iya jin ta ta bayan shamaki, ko ya shiga wurinta yana yaro. Faɗima ta girmi mijinta da shekara 13, kuma ta manyanta sosai a lokacin da Ibnu Is'haƙ yake neman ilmi. Tabi'ai da yawa sun karɓi hadisi daga Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ba tare da sun ga fuskarta ba. Hisham ya faɗi iyakar abin da ya sani, kuma kishin miji ba abin zargi ba ne, amma rashin saninsa bai isa ya ƙaryata wanda ya ce ya ji ba.

Na biyu shi ne Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, kuma gaskiya ne ya faɗi kalma mai nauyi a kansa, har ya danganta shi ga ƙarya. Sai dai maganar tana da sababi. An kai wa Malik labari cewa Ibnu Is'haƙ ya ce a kawo masa ilmin Malik, shi ne zai tantance lafiyayye da maras lafiya a cikinsa. Kuma Ibnu Is'haƙ, da yake masanin nasaba ne, ya yi magana a kan asalin gidan Malik ta fuskar da Malik bai yarda da ita ba. Ibnu Hibban ya ambaci wannan, ya ƙara da cewa abin da Malik ya fi ƙi a wurinsa shi ne bin 'ya'yan Yahudawan da suka musulunta yana karɓar labaran Khaibara da Ƙuraiza da Nadir daga bakinsu, alhali Malik ba ya ganin a karɓi ruwaya sai daga amintacce mai kiyayewa. Ya kuma ce sun sasanta a lokacin da Ibnu Is'haƙ zai bar Madina. Aliyu ɗan Madini, wanda yana cikin mafi sanin masu ruwaya, ya bayyana cewa Malik bai zauna da shi ba har ya san shi sani na ƙwarai.

Ƙa'idar malaman hadisi a nan sananniya ce: sukar da tsara ya yi wa tsaransa a cikin fushi ba a gina hukunci a kanta, matuƙar adalcin wanda aka soka ya tabbata ta wasu hanyoyi. Wannan bai rage wa Malik komai ba, shi ne limamin gidan Hijira, kuma tsananinsa wajen zaɓen masu ruwaya shi ya ɗaukaka Muwaɗɗa. Ya ishe ka natsuwa cewa malaman mazhabarsa ba su ɗauki maganar a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Ibnu Abdil Barri ya kawo ta a cikin misalan maganganun malamai a kan junansu da ba a aiki da su, kuma sharhin da ya fi shahara a kan wannan sira, wato Ar-Raudul Unuf, Suhaili ne ya rubuta shi, Ba'andaluse Bamalike wanda ya rasu a shekara ta 581.

An kuma tuhume shi da ra'ayin Ƙadariyya da karkata ga Shi'anci, wasu malamai kuma sun kore masa tuhumar ƙaddara.

Ya bar Madina ya nufi gabas, ya zauna a Kufa da Jazira da Rayyu. Ya sadu da halifa Abu Ja'afar Mansur a Hira. Khaɗibul Bagdadi ya kawo labarin cewa halifan ya umarce shi da ya rubuta wa ɗansa Mahdi littafi tun daga halittar Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, har zuwa zamaninsu, da ya kawo sai aka ce ya yi tsawo, ya taƙaita. Saboda wannan ƙaura ne mafi yawan masu ruwaito littafinsa suka zama mutanen Iraƙi da Rayyu, ba mutanen garinsu ba, in ban da Ibrahim ɗan Sa'ad.

Littafin bai iso gare mu cikakke yadda ya bar shi ba. Abin da yake hannun mutane shi ne gyaran Abdulmalik ɗan Hisham, wanda ya rasu a Misra a shekara ta 218 a zance mafi shahara. Ya karɓe shi daga Ziyad Bakka'i, almajirin Ibnu Is'haƙ, ya faro daga Annabi Isma'ila, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zubar da abin da bai shafi Annabi ba, da waƙoƙin da masana waƙa ba su san su ba, da wasu abubuwa da ya ga ambatonsu bai dace ba, ya kuma yi bayanin kalmomi masu wuya. Batun waƙoƙin nan rauni ne na gaske a aikin Ibnu Is'haƙ, domin bai ƙware a waƙa ba, ana kawo masa ya saka, kuma Ibnu Sallam Jumahi ya zarge shi a kan haka. Da yawa daga abin da Ibnu Hisham ya cire ana samunsa a tarihin Ɗabari ta hanyar Salama ɗan Fadl, alƙalin Rayyu. An kuma gano wani yanki na ruwayar Yunus ɗan Bukair a ɗakin littattafan Ƙarawiyyin da ke Fas, Muhammad Hamidullah ya buga shi a shekara ta 1976 Miladiyya.

Matsayin da malamai suka tsaya a kansa shi ne: a fagen sira da yaƙoƙi limami ne, har Imamu Shafi'i ya nuna cewa duk mai son zurfafawa a wannan ilmi a kansa zai jingina. A fagen hadisi kuwa mai gaskiya ne, Shu'uba ya yabe shi matuƙa, amma yana yin tadlisi, wato ya ambaci malami da lafazin da bai nuna ya ji daga bakinsa ba, alhali akwai wani a tsakaninsu da ya ɓoye. Yana kuma haɗa maganar mutane da yawa ya mayar da ita labari guda, abin da Imamu Ahmad bai so ba. Idan ya fito fili ya ce ya ji, kuma sauran isnadin lafiya lau, hadisinsa yana matakin hasan. Bukhari ya ambace shi a rataye, Muslim ya kawo shi a matsayin ƙarfafawa, ma'abota Sunan huɗu kuma sun ruwaito masa.

Wannan yana nufin abin da ke cikin sirarsa ba mataki ɗaya ba ne. Labarin musuluntar Salmanul Farisi, Allah Ya yarda da shi, ya karɓe shi daga Asim, daga Mahmud ɗan Labid, daga Ibnu Abbas, daga Salmanu da kansa, kuma malamai sun karɓa. Amma shawarar da aka ce Hubabu ɗan Munzir ya bayar ranar Badar, ta a matsa a riƙe rijiya mafi kusa da abokan gaba a cike sauran, ya jingina ta ne ga wasu mutanen Banu Salama da bai ambaci sunansu ba. Haka labarin nan da ya cika bakin masu wa'azi, na ɗora rana a dama da wata a hagu, isnadinsa a yanke yake. Adalcin da za a yi masa shi ne bai ɓoye wannan ba. Inda ya ji yakan ce ya ji, inda labari ne ya iso masa yakan ce ya iso masa, inda yake shakka kuma yakan yi amfani da lafazin da ke nuna mutane ne suka raya. Littattafan da aka taƙaita daga baya ne suka zubar da waɗannan alamomi, har mai karatu ya ga komai da fuska ɗaya.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka ci gaba da karatunka, ka ji daɗinsa, malamai sun sassauta a labaran tarihi fiye da yadda suka sassauta a halal da haram. Amma kada ka gina aƙida ko hukunci a kan labari, kada kuma ka ce Annabi ya faɗi kaza a gaban jama'a, sai ka san matsayin isnadinsa. Littafin Akram Diya'ul Umari, As-Siratun Nabawiyyatus Sahiha, zai taimake ka a kan wannan idan ka ajiye shi kusa da Ibnu Hisham.

Ibnu Is'haƙ ya ƙare rayuwarsa a Bagadaza, shekaru kaɗan bayan Mansur ya gina ta. Ya rasu a shekara ta 150 ko 151, aka binne shi a maƙabartar Khaizuran da ke gabashin birnin, inda kabarin Imamu Abu Hanifa yake. Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta wa Malik da Hisham, Ya haɗa su a gidan rahamarSa.

Allah ne Mafi sani.