Billy Strayhorn, mutumin da ya tsara kiɗan da ake dangantawa da Duke Ellington

Duk wanda ya saurari shirin jaz na Willis Conover a sashen Turanci na Muryar Amurka daga shekarar 1955 ya san kiɗan da ake buɗe shirin da shi, wato Take the A Train. Da yawa sun ɗauka na Duke Ellington ne, tunda ƙungiyarsa ce ke busa shi. Wanda ya tsara shi kuwa sunansa Billy Strayhorn.

An haifi Strayhorn ranar 29 ga Nuwamba 1915 a garin Dayton na jihar Ohayo a Amurka, ya tashi a Pittsburgh cikin talauci. Da aikin yaron kanti a wani shagon magani ya tara kuɗin sayen fiyano. Burinsa kiɗan gargajiyar Turawa ne, amma a lokacin ba a buɗe wa baƙar fata wannan ƙofa, sai ya koma jaz.

A Disamba 1938 Ellington ya zo wasa Pittsburgh, ya ji hannun saurayin, ya gayyace shi New York. Ya rubuta masa kwatancen gidansa da ke unguwar Harlem, kamar yadda mutumin Kirkisoy zai ce wa baƙo ya tsallake gadar Kennedy. Kwatancen ya fara da cewa ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba A. Daga wannan ƴar takarda kiɗan ya samu suna a 1939.

Saura ƙiris ya ɓace. A Janairu 1941 rigimar kuɗi tsakanin gidajen rediyon Amurka da ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta ASCAP ta sa aka daina saka kaɗe-kaɗen mambobinta, ciki har da Ellington. Dole a nemo sababbi cikin gaggawa daga waɗanda ba mambobi ba. Ɗan Ellington, Mercer, ya ba da labarin cewa a kwandon shara ya tsinci takardar kiɗan, domin Strayhorn na ganin ya yi kama da salon Fletcher Henderson. Aka ɗauke shi a faifai ranar 15 ga Fabrairu 1941, ya zama taken ƙungiyar har ƙarshen rayuwar Ellington.

Shekaru 28 suka yi tare. Ellington ya riƙe shi kamar ɗan gida, ya biya masa bukatunsa, amma tafi da suna a wajen maigida suka fi tsayawa, kuma wannan ba adalci ba ne ga mai irin wannan baiwa.

Cutar daji ta maƙogwaro ce ta yi ajalinsa ranar 31 ga Mayu 1967 a New York, yana da shekara 51, shekara ɗaya bayan ƙungiyar ta yi wasa a bikin fasahar baƙar fata na Dakar. A shekarar da ya mutu Ellington ya ɗauki faifai guda na kaɗe-kaɗen Strayhorn don tunawa da shi.