Tarihin Umaru Ganda, ɗan dakon da ya zama jagoran fim a Nijar

An haifi Umaru Ganda a birnin Yamai a shekarar 1935, lokacin da Nijar take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Bazabarme ne, kuma a Yamai ya yi karatun firamare.

Yana ɗan shekara 16 ya shiga rundunar sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indochina, wato yankin da ya haɗa da Biyetnam ta yanzu. Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba, don haka ya bi sahun dubban matasan Nijar da ke gangarawa bakin teku neman kuɗi, kamar yadda har gobe samarin Gumel da Maigatari ke tafiya cin rani kudu.

A Abijan, babban birnin Kwaddibuwa na wancan zamani, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa.

Haɗuwa da Jean Rouch

A can ne ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai nazarin al'adu da ke bincike kan 'yan ci-rani. Rouch ya fara ɗaukarsa aikin tattara bayanai, daga bisani ya ba shi babban matsayi a fim ɗinsa mai suna Moi, un noir, wanda ya fito a shekarar 1958.

An ɗauki fim ɗin a Treichville, unguwar talakawa da baƙi, ba tare da rubutaccen labari ba. Ganda ya fito a matsayin lebura mai laƙabi da sunan ɗan wasan Amurka Edward G. Robinson, kuma shi ya ɗora muryarsa a kan hotunan bayan an gama ɗauka.

Masu kallo sun ga mako guda a rayuwar 'yan ci-rani: dakon buhuna da rana, ladan da ba ya kai wa ko'ina, sannan a ƙarshen mako a tafi mashaya a ƙarar da shi. Fim ɗin bai ƙawata giya ba, bai kuma tsaya tsine wa mashayi ba. Ya nuna gajiya da kaɗaici da fatara waɗanda suke kai matashi ga kwalba, ya kuma nuna safiyar Litinin da yake farkawa aljihu wayam.

Fim ɗin ya sami lambar yabo ta Louis Delluc a Faransa, ya kuma yi tasiri a kan matasan daraktoci irin su Jean-Luc Godard.

Ya karɓi kyamara da kansa

Bayan ya koma Yamai, Ganda ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, inda ya koyi aikin. A wajejen 1968 ya shirya fim ɗinsa na farko, Cabascabo, da harshen Zabarmanci, kuma shi ne tauraronsa.

Labarin ya yi kama da nasa: tsohon soja ya dawo daga Indochina da kuɗin sallama, abokan shan giya da matan bariki suka kewaye shi, da kuɗin ya ƙare kowa ya watse. An nuna fim ɗin a bikin Cannes a 1969, ya kuma sami lambar yabo a Mosko.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, ya taɓo auren dole da kishi, da yadda yarinyar da aka tilasta wa aure ta ƙare a bariki. Da shi ya zama mutum na farko da ya lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, a shekarar 1972.

Ya biyo baya da Saitane, kan malamin tsibbu mai cin amanar jama'a, sai kuma L'Exilé a 1980. Fitacciyar 'yar wasan nan Zalika Souley ta fito a da dama daga cikin fina-finansa.

Abin da ya bari

Umaru Ganda ya rasu a ranar 1 ga watan Janairun 1981, yana da shekara 45. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, haka kuma FESPACO tana bayar da kyauta da sunansa ga fim na farko mafi inganci.

Abin mayen zamaninsa giya ce. Daga baya ƙwayar tiramol da maganin tari mai kodin suka mamaye biranen ƙasar Hausa, har ta kai gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafa da shigo da irin wannan maganin tari a 2018.

Fina-finan Kano sun sha taɓo shaye-shaye, sai dai galibi akan gabatar da mashayi a matsayin ɗan iska ko abin dariya, a rufe da wa'azi. Hanyar da Ganda ya bi ita ce a fara tambayar abin da ya raba yaro da gidansu, da wanda ya ci moriyarsa lokacin da yake da kuɗi, domin shi kansa ya yi dako, ya kuma kwana a irin waɗannan unguwanni kafin ya ɗauke su a fim.